Gwaggona ta ci shari'a, wani na cin gonar



Wata biyu ke nan ina juya wannan magana a raina, ina cewa bari sai an gama shari'ar tukuna in rubuta. Daga baya na gane idan na ce sai an gama, wataƙila ɗan da ban haifa ba ne zai rubuta ta.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta ci shari'ar gona shekara huɗu da sunka wuce. Takardar hukuncin na nan cikin leda, cikin akwatinta na ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan sallah. Ga hatimi, ga sa hannun alƙali, an rubuta gonar tata ce ita da ɗiyanta. Daga ranar zuwa yau ba ta shibka ko ƙwaya ɗaya a cikinta ba. Wanda ya faɗi shari'ar kuwa ya yi girbi huɗu.

Bari in koma baya kaɗan. Cikin 2005, shekarar da yunwa ta shiga ƙasar Maraɗi har duniya ta ji labari, ina ɗan yaro lokacin, mijinta ya jinginar da gonar ga wani ɗan kasuwa na garinsu. Ya karɓi ƴan buhunnan hatsi da kuɗɗi kaɗan don ya ceci iyali. Kowa ya san ƙa'idar jingina a ƙasarmu: mai kuɗɗi ya yi ta noma gona har ranar da anka maida mishi abinshi, sannan gona ta koma ga mai ita. Ba a rubuta komi ba. Shaidu uku, anka shafa Fatiha, anka watse. Mijin ya rasu, ɗan kasuwar ma ya rasu. Da yaran Gwaggo sunka tasa, babbansu ya yi cin rani biyu ya tara kuɗɗin, sunka ɗauka sunka kai ma magajin ɗan kasuwar. Ya dube su ya ce shi bai san da wata jingina ba, ubanshi sayen gonar ya yi.

Anka je gun mai gari, abin ya faskara. Anka je fadar sarki, don doka ta ce rikicin gona na gargajiya sai ya fara bi ta hannun sarakai don sulhu, su rubuta takardar an shirya ko ba a shirya ba. Ba a shirya ba. Sai kotu. Gaskiya ɗaya ce, alƙalin farko ya yi aikinshi. Ya zauna da mashawartan al'ada da doka ta ce su zauna kusa da shi a irin wannan shari'a, ya saurari shaidu biyu da sunka rage da rai, ya je har gonar da ƙafarshi ya ga itatuwan gawo da ke iyaka. Cikin watan Maris ya yanke: jingina ce, a maida kuɗɗi, a maida gona, kuma a zartar nan take ko da an ɗaukaka ƙara.

Ranar nan Gwaggo ta raba sadakar ƙuli-ƙuli ga almajirai. Ta sa yara su fara kai taki.

A nan ne na fara koyon wani fanni na shari'a da ba a koya mini a jami'a ba, ko kuma an koya mini shi cikin layi uku na wuce. Cin shari'a daban, karɓar gona daban. Tsakaninsu akwai wata doguwar hanya, kuma kusan kowane taki nata yana da ƙofar da mai neman jinkiri zai iya shiga ya rufe.

Da farko sai ka biya a yi ma hukuncin rajista, ka karɓo kwafin da ke da umurnin zartarwa, wanda ƴan gidan shari'a ke kira "gros". Sannan ka ɗauki wisiye, wato ma'aikacin da doka ta ba ikon kai takardun kotu da zartar da hukunci, shi ma kai za ka biya shi. In ana tsoron rikici sai an nemi izinin rakiyar jami'an tsaro, kuma nauyin tafiyar na kanka. Mun yi karo-karo cikin dangi munka yi duk wannan. Kafin wisiyenmu ya sa ranar zuwa gona, wani wisiyen ya iso gidan Gwaggo da tashi takarda. Abokin shari'a ya yi apel, ya kuma haɗa da roƙo ga shugaban kotun ɗaukaka ƙara cewa a hana zartarwar gaggawa. Lauyoyi na ce ma wannan roƙo "defans". Daga ranar da takardar ta shigo hannunmu komi ya tsaya cak, sai ranar da anka yanke magana a kan roƙon.

Ƙarshen watan Mayu ne. Cikin Yuni ruwa ya sauka. Ya shiga da ƴan ƙwadagonshi ya shibke gonar, bisa takin da yaran Gwaggo sunka kai da amalanke.

Anka sa ranar sauraro, lauyanshi ya nemi a ɗaga don bai gama nazarin dosiye ba. Anka sa wata, wai yana da wata shari'ar a wani gari. Ana haka hutun kotuna na shekara ya shigo, wanda kowa ya san tsakiyar damana yake faɗowa, ayyuka su ragu sai na gaggawa. Lokacin da anka yi watsi da roƙon nashi hatsi ya riga ya fidda kai, kuma babu dattijon da zai yarda a tuɓe shibkar mutum, ko da maƙiyinka ne. Anka ce a bari ya girbe. Ya girbe.

Shekara ta biyu kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin farko. Munka ce to alhamdu lillahi. Sai ya wuce kotun ƙoli. A ƙa'ida, kai ƙara can ba ya tsaida zartarwa sai cikin wasu ƴan fannoni da doka ta ware, don haka ya haɗa da wani roƙon jinkiri, wanda ake kira "sursi". Damana ta biyu ta tafi, ta uku ta bi ta. Da wannan ƙofar ta rufe, sai ga wani ƙanenshi da ya daɗe a Libiya ya bayyana, ya ce shi ma magaji ne, an yi shari'a a kan gadonshi ba a kira shi ba, yana neman a sake duba hukuncin. Doka ta ba wanda ba a kira ba wannan dama. Bayan shi kuma sai ga ƙorafin gaggawa, abin da ake kira "refere", wai hukuncin bai fayyace iyakar gabas ba, don haka ba a san inda za a zartar ba. Iyakar gabas ɗin nan itacen gawo ne da ya girme ni, ya girmi lauyan.

Ku lura da abu ɗaya. Duk cikin abin da na lissafa babu inda mutumin nan ya karya doka. Kowace takarda da ya shigar tana da gurbinta. Ban ga an ba kowa cin hanci ba, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba. Wannan shi ne abin da ya fi tada mini hankali. Da a ce zamba ce, sai mu ce a kama mai zamba. Amma nan tsari ne da kanshi ya ba shi abin da yake so. Bai taɓa tsammanin zai ci shari'ar ba, na tabbata lauyanshi ya faɗa mishi tun ranar farko. Abin da yake saye lokaci ne, kuma yana samun shi da araha.

Ga lissafin, ku yi shi da kanku. Gonar tana ba da dami 70 zuwa 80 na hatsi a shekara mai kyau, ban da wake da harawa. Kuɗɗin takarda ɗaya ta neman jinkiri, har da ladan lauya, ba su kai rabin wannan ba. Kowane ɗan kasuwa zai ce ma ka saya. Da amfanin gonar Gwaggo ake biyan lauyan da ke hana Gwaggo shiga gonarta. Ita kuma duk ranar zama sai ta sai da akuya ko ta ci bashi ta biya mota, ta kwana gidan ƴan uwa a birni, a kira sunanta cikin minti biyu a ce an ɗaga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗɗi.

Waɗanda sunka rubuta waɗannan dokoki, da Faransawan da munka kwafo daga gare su, sun ɗauka jinkiri abu ne da bai goyi bayan kowa ba: a tsaida komi yadda yake har a gano gaskiya. Idan shari'ar bashi ce, wataƙila haka ne, kuɗɗi ba su ruɓewa, ana iya ƙara musu riba. Amma gona a ƙasar da ruwa ke sauka wata uku zuwa huɗu a shekara? A nan jinkirin sati shida cikin Mayu da Yuni daidai yake da jinkirin shekara guda cur. Kuma "a bar komi yadda yake" ma'anarshi a bar gona hannun wanda ke cikinta, wato wanda kotu ta riga ta ce ba tashi ba ce.

Ba girbi kaɗai ake asara ba. Cikin shekarun nan huɗu ɗaya daga shaidun biyu ya rasu, ɗayan kuma ya tsufa har ba ya gane mutane sosai. Da za a ce yau a sake shari'ar daga farko, kamar yadda ƙanen nan ke nema, wa zai tsaya ya ce ina wurin ranar da anka yi jingina? Gari kuma yana matsowa. Gonar da ke bayan gari cikin 2005 yau ana hango fitilun unguwa daga cikinta, ana ta raɗe-raɗin lotisman. Bara munka wayi gari an aza tubali a gefen kudu. Ya yanka ya sai da ma wani, wanin kuma ya zagaye da katanga. Shi ma mai sayen gobe zai zo da tashi takarda ya ce da gaskiya ya saya, ba a kira shi shari'a ba. Wata ƙofar ke nan ta buɗe, ta shekara biyu ko uku.

Sannan ga abin da ba ya shiga dosiye: babban ɗan Gwaggo, wanda ya tara kuɗɗin fansar, ya gaji da jira ya kama hanyar Aljeriya. Yana da mata da ɗiya biyu. Da gonar na hannunsu da bai tafi ba, shi ya faɗa mini da bakinshi a tasha.

Akwai kuma wani tsohon tunani da ke taimakon mai jinkiri. Cikin Disamba 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi shela cewa duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna hannunshi, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar ita ce a kare talakka daga masu manyan filaye, amma maganar ta zauna cikin kawunan mutane har yau: wanda ya daɗe cikin gona ya fi kusa da zama mai ita. Kowace damana da mutumin nan ya ƙara, a idon ƙauye hujjarshi ce ke ƙaruwa. Yaran da anka haifa bayan 2005 ba su taɓa ganin kowa cikin gonar ba sai gidansu. Wani mai bincike ɗan ƙasar Danmak, Christian Lund, ya bi rigingimun gona a yankin Damagaram cikin shekarun 1990, ya fidda littafi a 1998. Abin da ya gani shi ne rikicin gona a ƙasarmu da wuya ya mutu, sai dai ya kwanta, da an canza shugaba ko an samu sabuwar ƙofa sai wanda ya faɗi ya sake tada shi. Na karanta shi ina ɗalibi ina ganin tarihi ne. Ashe labarin gidanmu ne.

To yanzu wani zai ce a soke wannan dama ta neman jinkiri kowa ya huta, wanda ya ci shari'a a ba shi abinshi gobe da safe. Ni ma na faɗi haka cikin fushi, ba sau ɗaya ba. Amma ban yarda da shi ba, kuma ga dalili.

Lokacin da nake karatu a Yamai ina haya a wata unguwa ta bakin gari. Maƙwabcinmu wani tsoho ne mai ritaya, ya gina gidanshi da kuɗɗin sallama, shekara goma sha yana ciki da iyali. Wata safiya wisiye ya zo da hukunci: a fita, a rushe. Ashe parsel ɗin an sai da shi ga mutum biyu, kowa da takardarshi, abin da duk mazaunin Yamai ya san yana faruwa. Ɗayan ya kai ƙara, sammaci bai taɓa isowa hannun tsohon ba, anka yi shari'a babu shi. Abin da ya hana katafila hawa gidan nan shi ne irin wannan takarda da nake kuka da ita. Wani ɗan uwanshi ya ruga ya samo lauya, anka shigar da roƙon a dakata, anka dakata. Da anka sake zama, takardar tsohon ce ta riga. Da babu wannan ƙofa da yau yana kwana a tsakar gidan wani. Gidan da anka rushe hukunci ba ya maida shi. Alƙali mutum ne, yana kuskure, ana kuma yi mishi ƙarya. Kuma ku tuna, sau da yawa mai ƙarfi ne ke riƙe da hukunci, talakka ne ke roƙon a dakata.

Don haka ƙofar ta zauna. Matsalar ita ce shigarta kusan kyauta ce ga wanda ke cikin fili, kuma duk nauyin jiran ana aza shi a kan mutum ɗaya. Wannan ne ya kamata a gyara, kuma abin mamaki, yawancin kayan gyaran suna nan cikin dokokin da muke da su.

Kundin dokar farar hula da munka gada ya ba alƙali ikon ɗauke filin da ake jayayya a kanshi ya damƙa shi amana hannun wani na uku har a gama. Me zai hana duk lokacin da wanda ya faɗi shari'ar gona ya nemi jinkiri, a ce mishi to an ji, amma bana ba kai za ka noma ba, ko kuma ka noma a ƙirga damman gaban mai gari da shaidu, a ajiye su rumbun amana, wanda ya ci a ƙarshe ya ɗauka? Wallahi da an yi haka tun damanar farko, da mutumin nan bai kai kotun ƙoli ba. Mai gaskiya ba zai ji tsoron wannan sharaɗi ba, don ya san hatsin zai dawo gare shi. Wanda ke sayen lokaci kuwa zai ga cinikin ya daina riba. Haka nan umurnin hana gini da hana sayarwa, wanda alƙalin gaggawa ke iya bayarwa, bai kamata ya jira sai matar ƙauye da ba ta da lauya ta san sunanshi ta roƙa ba. Ya kamata doka ta sa shi ya riƙa tafiya tare da kowane jinkiri, a kuma aika kwafi ga ma'aikatar magajin gari da kwamitin filaye, don kada wani ya sa hannu a takardar ciniki ya ce bai sani ba.

Dokar tsarin shari'ar farar hula ta 23 ga Afrilu 2015, a sashe na 15, ta faɗa ƙarara cewa ƙarar da anka shigar don cutarwa ko don ɓata lokaci laifi ce da ke wajabta biyan diyya, haka ma turjiya marar dalili ga mai gaskiya. Maganar na nan a rubuce. Amma sai wanda anka cuta ya nema, kuma Gwaggo ba ta san da ita ba, mu ma sai daga baya. Ina so in ga ranar da mai ƙorafin ƙarya a kan iyakar gabas zai fita kotu da umurnin biyan dami 80 na kowace damana da ya ci. Hukunci biyu ko uku irin wannan sun isa labari ya zagaye kasuwannin ƙauye.

Sai maganar kalanda. Ban ga abin da zai hana a ce duk roƙon jinkiri da ya shafi gonar noma, in ya shigo tsakanin Afrilu da Yuni, dole a yanke shi cikin kwana 15, ɗagawa ɗaya tak ba. Kotunanmu sun san lokacin zaɓe, suna yanke ƙarar zaɓe cikin kwanaki don doka ta ƙayyade musu. Shibka ma tana da ranarta, kuma ba ta jiran kowa. Na san alƙalai ba su da yawa, dosiye ya yi musu tsibi, ba ina zagin kowa ba ne. Kotunan ɗaukaka ƙara ƴan kaɗan ne ga ƙasa mai wannan faɗi, lauyoyi kuma kusan duk suna Yamai. Dokar tsarin kotuna ta 2004 ta tanadi kotunan filayen karkara na musamman, an yi babban taron ƙasa kan shari'a a 2012, an yi na filayen karkara a 2018, an amince da siyasar filaye a 2021. Takardu ba su yi mana kaɗan ba. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi da ta Damagaram kowace ta haura mutum miliyan 3, kuma tun lokacin an ƙaru sosai, gona kuwa ba ta haihuwa. Shari'o'in nan ƙaruwa za su yi.

Akwai hukumar taimakon shari'a ga marasa ƙarfi da anka kafa da dokar 2011, wadda ake kira ANAJJ, tana da rassa a manyan kotuna. Da yawa cikinku ba su taɓa jin sunanta ba, balle iyayenmu na ƙauye. In kuna da wata gwaggo irin tawa, ku raka ta ku tambaya. Ku da kunka yi lakwal, ko karanta mata takardar da wisiye ya kawo ku faɗa mata kwana nawa ya rage a mai da amsa, aiki ne babba. Mu mun yi asarar sati uku a farko don takardar ta zauna cikin leda ana jiran in zo hutu.

Mu ma matasa muna da namu laifi, kada mu tsaya nuna yatsa kawai. In ɗan uwanmu ne ke cikin filin, sai mu ce ai wayo ne, ya iya shari'a, har mu nemo mishi lambar "wani babba" da zai buga waya a dakata. Na zauna a fada ina shan shayi na ji ana yabon wani don ya riƙe filin marayu shekara bakwai da takardu. Ana dariya. Ranar da abin ya zo kan uwarka sai ka ga ba abin dariya ba ne.

Kuma duk wannan wahala ta samo asali daga takarda ɗaya da ba a rubuta ba cikin 2005. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce haƙƙin da ya fito daga al'ada da wanda ya fito daga rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya ce, ta kuma kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira kofo, yau kuma akwai su daga matakin ƙauye zuwa komin zuwa departama. Suna ba da takardar shaidar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, har da ta jingina. Da mijin Gwaggo ya samu wannan ƴar takarda, da babu wanda zai tashi ya ce ciniki ne. Ban ga laifinshi ba, mai jin yunwa ba ya tunanin hatimi, kuma a lokacin ba kowane ƙauye ke da kofo mai aiki ba. Amma ku da iyayenku ke da gona hannun wani yau, aro ko jingina, in kun je gida sallah ku zauna da tsofaffi a rubuta tun shaidu na da rai. Za su ce ai rashin yarda ne, ai ɗan uwa ne. Ku yi haƙuri da faɗan, ku rubuta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da na gani a idon ƙaramin ɗan Gwaggo bara, ranar da anka aza tubalin nan. Shekararshi 22. Ya ɗauki gatari ya nufi gona, sai da mutum uku sunka riƙe shi. Yana kuka yana cewa: "Mun bi mai gari, mun bi sarki, mun bi alƙali, sun ce tamu ta. To mi ya rage mu bi?" Ni da na yi shekaru ina faɗa ma matasa a bi doka, a bar ɗaukar hukunci a hannu, ban samu abin ce mishi ba sai "ka yi haƙuri". Duk wanda ya tashi a karkara ya san farkon damana ne lokacin da ake fasa kai a bakin iyaka. Da yawa cikin masu faɗan nan sun riga sun je kotu, wasunsu ma takardar nasara na cikin aljihunsu. Da yaron nan ya isa gonar ranar, shi za a ɗaure, kuma shari'arshi ba za ta ɗauki shekara huɗu ba.

Satin da ya wuce na je gaishe ta. An sa ranar sauraron ƙorafin ƙanen nan cikin watan Yuni, sati na biyu. Ta fiddo mini tukunyar da take ajiye irin hatsi, wanda take sabuntawa kowace shekara daga ɗan abin da take samu a gonar aro, ta ce: "Ɗana, kai da ka yi karatu, hwaɗa mini gaskiya. In aje irin ga, ko in kai shi kasuwa in sai ma yara sabulu?"

Na ce mata ta ba ni kwana biyu in tambayi lauya. Na tambaye shi, ya ce ɗayan ɓangaren sun riga sun rubuto suna neman a ɗaga.